Ganyen Shayin da Na Kai Ƙara Agadas

Tun da na dawo daga Agadas ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a bakin kasuwa a tare ni, har wanda bai saba gaishe ni ba sai ya tsaya ya ce, "Malam Habu, yaya ƙasar Buzaye?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shekaranjiya wani ya rantse mini cewa a kan raƙumi na je na dawo. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, har da wuraren da ba ni da gaskiya, waɗanda su ne suka fi yawa.

Ni baduku ne. A Ƙofar Na'isa aka haife ni, kuma a zauren da mahaifina ya yi dukanci nake nawa. Amma in ka tambayi mutanen unguwa, ba da jaka ko takalmi suka san ni ba, da shayi suka san ni. Kullum bayan la'asar nakan ajiye basilla, in hura gawayi a kurfoti, mu zauna mu takwas, in dafa irin na Buzaye, zagaye uku. Wani Buzu ne ya koya mini, Baba Agali, wanda ya yi gadi a wani gida kusa da mu shekara da shekaru kafin tsufa ya mayar da shi garinsu. Ganye kuwa ban taɓa saye a hannun kowa ba sai Alhaji Ɗanlami, mai rumfar kayan shayi a kasuwar Kurmi. Abokina ne tun muna makarantar allo, layinmu ɗaya, kuma shi ke zama a damana a majalisa. Finjalin farko nasa ne, kowa ya sani.

A shekarar da soja suka koma bariki abubuwa da yawa sun canza a unguwarmu. Bangaye suka cika da hotunan 'yan siyasa, aka gyara mana kwata, sabon kansila ya haƙa burtsatse a bayan masallaci, mata suka yi ta sa masa albarka. A cikin daminar nan ne shayina ya lalace. Launinsa da ke fitowa ja garau ya koma kamar ruwan kududdufi. In na ɗaga buta na tsiyaya, kumfa ta taso, kafin in miƙa finjali ta mutu. Wata 'yar yana-yana ta riƙa kwanciya a samansa, ƙamshin ya gudu, sai ɗaci kawai wanda ba shi da ma'ana. Na canza gawayi, na canza sukari, na rage wuta, na ƙara wuta, duk a banza.

Wata rana Malam Sule tela ya kurɓa, ya yatsine fuska ya ce, "Malam Habu, ko shayin naka ma soja ne, ya koma bariki?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya sosa mini inda yake mini ciwo. Ban san lokacin da na ce ba, "Ni hannuna bai canza ba. Ku tambayi mai ganye. Ganyen ne aka yi wa algus."

Wanda ba ɗan kasuwa ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Ka ce wa mutum ya haɗa kayansa da gurɓatacce ya sayar, a gaban jama'a, gara ka mare shi. Alhaji Ɗanlami ya ajiye finjalinsa a hankali, ya dube ni.

"Haka ka gani, Habu?"

"Haka harshena ya gaya mini," na ce.

Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya yi mana sallama. Wata uku bai sake tako zauren ba. In mun haɗu a sahu sai mu gaisa da kalma biyu, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Na sayo ganye a wata rumfa, shayi bai gyaru ba. Na sayo a ta uku, haka. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na yanke hukunci cewa duk 'yan kasuwar Kano sun lalace. Na ɗauko ragowar ganyen Alhaji na zuba a gwangwani na rufe, na ce zan kai wa Baba Agali har Agadas ya ɗanɗana, in dawo da shaidar wanda ba a musu da shi. Gaskiyar magana ita ce kewar Alhaji ta dame ni, kuma ina so a ce ni ke da gaskiya, don kada ya zama na rasa aboki a kan ba komai. Na ce wa uwargida zan je ganin fatun Agadas. Ta haɗa mini kaya, sai da na kai ƙofa ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. In ka gama ganin fatun, ka dawo ka ba mutumin nan haƙuri."

Da kaka na tashi, da hantsi, a wata Fijo da aka yi don mutum bakwai aka cusa mana goma. Daga Kano har Kazaure gardamar siyasa ake yi. Direba ya ce farar hula ba za su yi shekara ba, wani malamin makaranta a baya ya ce za su yi ɗari, suka yi ta yi har direba ya riƙa sakin sitiyari yana nuni da hannu biyu. Ni dai ina rungume da jakata ina karanta duk addu'ar da na haddace.

A kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajiya Zara, Bashuwa 'yar asalin Cadi da aure ya kawo Fagge, tana fataucin turare zuwa Damagaram. Ta ɗora wata jarka a cinya, duk matsin nan ta ƙi a sa ta a but. Da muka tsaya salla a Daura ta buɗe filas ta zuba mini gahawa a ɗan kofi. Ni ba mutumin gahawa ba ne, amma wannan ta shiga raina, ga kauri, ga citta daidai. Na yaba, sannan na tambaye ta jarkar mece ce.

"Ruwa ne, Malam."

"Hajiya, Damagaram ɗin babu ruwa ne sai kin kai musu?"

"Gahawata ba ta son ruwan baƙunta," in ji ta. "In ka dafa ta da ruwan sama sai ta fito tsararo, da tsami-tsami. In ka dafa ta da ruwan rijiya mai zartsi sai ka ji kamar toka ka jiƙa. Akwai wata rijiya a bayan gidanmu, ita ce tsaka-tsaki. Da ita nake yawo."

Na gyaɗa kai don ladabi, a raina ina cewa mata dai ba su rasa abin wahalar da kansu. Mutumin da ya ɗauko gwangwanin ganye zai ƙetare ƙasa da shi, shi ne yake wa mai jarka dariya.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka sauke mu da kayanmu. Namu na wannan gefen suka duba takarda suka ce mu wuce. A ɗaya gefen wani jandarma dogo, baƙi, mai tsagen Barebari, ya zazzage jakata. Ya ga buta, ya ga finjalai a naɗe cikin tsumma, bai ce komai ba. Da ya zo kan gwangwani ya girgiza shi a kunne.

"Mi ke ciki?"

Da na ce ganyen shayi ne da an wuce wurin. Sai bakina ya ce, "Shaida ce, ranka ya daɗe."

Nan fa ya gyara tsayuwa. Ya buɗe, ya sansana, ya murza a tafin hannu, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya sansana. Da na ga zancen zai koma wani abu, sai na kwashe labari kaf na gaya musu, tun daga kumfar da ta mutu har tashin Alhaji. Dogon ya yi dariya har ya dafa mota.

"Ku zo ku gani," ya ce wa sauran. "Mutanen Najeriya sun samu mulkin farar hula, yanzu har ganyen shayi suna kai shi ƙara!"

Su ma a lokacin ana ta shirin zaɓe a ƙasarsu, ya ce in abin haka yake, to su za su fara da kai barkono. A ƙarƙashin wata bishiya suna da kurfotinsu, buta na kai. Suka ba ni finjali ɗaya, mai daɗi kuwa. Dogon ya ce in ba shi cokali biyu na ganyena su dafa, a yanke shari'ar nan take in huta da tafiya. Na rufe gwangwani na ce ba a taɓa shaida sai a gaban alƙali. Da na yarda, da tafiyata ta ƙare a gindin bishiyar nan, da rana tsaka, in kwana a gida.

Mun shiga Damagaram da yamma. Hajiya Zara ta kai ni gidan fatomanta a Zango, wani mutum mai fara'a da ke sauke fataken Kano. Aka ba ni tabarma a tsakar gida mai yashi, aka kawo dambu da zogale. Da safe na nemi ruwan wanka, aka miƙo mini buta guda. Na tsaya ina jiran bokiti. Fatoma ya ce, "Malam, shi ke nan fa. Nan ba Kano ba ce." Garin ruwa yana musu wuya ƙwarai, kuma sun iya tattalinsa. Mutum zai yi wanka da abin da mu muke zubarwa wajen wanke ƙafa, ya fito fes. Ni na fito da kumfar sabulu a bayan kunne, fatoma ya nuna mini da yatsa.

Abubuwa uku suka ba ni mamaki a garin. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ana saƙala shi a hammata, ɓawonsa yana yanka dasashi. Fura kuwa ba ta da lokaci, safe fura, rana fura, baƙo ya zo fura. Sannan da azahar ta yi sai gari ya mutu, a rufe kanti, a rufe ofis, kowa ya je ya kwanta sai la'asar. Na ce wa fatoma in Bakano ya rufe rumfa da rana tsaka, za a zo gaisuwa a tambaya wa ya rasu. Ya ce shi ya sa Kanawa ke da dukiya, su kuma suke da lafiya. Hausarsu ɗaya da tamu, sai dai inda muka sha Turanci su Faransanci suka sha. Na tambayi hanyar tasha, wani ya ce in wuce lakwal in juya dama, na yi ta neman lakwal ashe makarantar da nake tsaye a gabanta ce.

Daga Damagaram na shiga wata tsohuwar Landirofa, mu da buhunan gero da akuya biyu. Bayan Tanut itatuwa suka fara ja da baya, kwalta ta ƙare, mota ta riƙa rawa. Ba mu yi nisa ba hayaƙi ya taso daga gaba. Direban, wani Ba'agadashe mai suna Isufu, bai ko ɓata rai ba. Ya tsaya kusa da wata rijiya, ya jira inji ya huce, ya buɗe lagireto ya kira ni in gani. Bakin lagireton duk ya yi fari, kamar an shafa alli ya bushe.

"Ruwan rijiyoyin hanyar nan ne," ya ce. "Yana barin farin dutse a ciki, ya toshe hanya."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na je wanke hannu a bakin rijiyar. Na yi ta murza sabulu ya ƙi kumfa, sai wani fari-fari yake yi kamar kindirmo. Na ce har sabulun ma algus ne. Kun ji irin kan da na tafi da shi.

Mun yi kusan awa uku a wurin, kuma ban yi baƙin ciki ba. Wata Bafulatana ta fito daga inda ban ga gida ba, da ƙwaryar nono a kai. Kowa ya kwance guzurinsa aka haɗa a tabarma ɗaya, ba wanda ya tambayi na wane ne. Na fito da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama, wani ya fito da dabino, wani Buzu ya miƙo mini wani abu fari mai faɗi ya ce cuku ne. Na kai baki na gatsa da ƙarfina. Haƙorina na gaba har yau bai yafe mini ba. Buzun ya yi dariya a bayan rawaninsa, idanunsa kawai nake gani suna ƙanƙancewa, ya nuna mini yadda ake jiƙa shi a shayi tukuna.

Agadas gari ne ja, na ƙasa, da hasumiyar masallaci mai tsini da ake hangowa tun daga nesa. A tasha na tambayi wani ko ya san Agali.

"Agali nawa kake so?"

Na ce wanda ya yi gadi a Kano. Ya ce rabin dattawan garin sun yi gadi a Kano. Na yi yawo daga rumfa zuwa rumfa, kowa ya ba ni wuri in zauna, kowa ya ba ni ruwa, ba wanda ya san Agalina. Sai wani maƙerin azurfa ya ji na ambaci unguwarmu, ya ajiye guduma.

"Na'isa ka ce? Akwai wani tsoho a lambuna, bayan gari, sunan macen jakinsa ke nan. Mun daɗe muna tambayar ma'anar sunan."

Haka na sami malamina, ta dalilin jaka. Ban sani ba ko in ji daɗi ko in ji haushi a madadin unguwa.

Baba Agali ya tsufa, idanunsa sun yi fari, ba ya ganin komai sai inuwa. Amma ina yin sallama ya ɗago kai ya ce, "Habu baduku." Na durƙusa na kama hannunsa, hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Aka yi ta gaisuwa, ya tambayi kowa a layinmu da suna, har waɗanda suka daɗe da rasuwa. Da ya zo kan Alhaji Ɗanlami na ce yana lafiya, na yi sauri na tambayi lafiyar dabbobi.

A can maza ke rufe fuska, da gaske ne, ga masu tambaya. Namiji ko abinci zai ci a gaban surukinsa, ta ƙarƙashin rawani zai kai loma. Mata kuwa fuska a buɗe, su zauna da baƙo, su sa baki a hira. 'Yar Baba Agali, Fatima, wadda ita ke riƙe da gidan, ta tambaye ni mata nawa gare ni, na ce ɗaya, ta ce ashe akwai masu hankali a Kano. Ta kwaɓa gari ta binne shi a cikin yashi mai zafi da toka, ta tono shi ya zama gurasa, ta karkaɗe, ta gutsuttsura a miya. Na yi zaton zan tauna yashi, ko ƙwaya ɗaya ban ji ba. Kuma ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi ranar da ya sauka. Mu a Kano kafin mutum ya gama cire takalmi an ce masa, "Lafiya dai ko?"

Washegari da hantsi na fito da gwangwani na karanta ƙarata. Na tsara ta sosai, don kwana uku ina bitarta a mota. Baba Agali ya saurara bai katse ni ba. Ya karɓi ganyen, ya murza, ya kai hanci. Sannan ya yi wa Fatima magana da harshensu. Ta kawo buta biyu da tulu biyu, ta hura gawayi.

Makaho ne, amma hannunsa bai manta komai ba. Ya auna ganyen Alhaji a tafin hannu ya zuba a butar farko, ya sake auna daidai ya zuba a ta biyu. Wannan ya cika ta daga tulun dama, waccan daga na hagu. Muka zauna muna jin gawayi yana ƙara. Da ya ɗaga ta farko ya tsiyaya, tun kafin finjali ya zo hannuna ƙamshin ya riga shi. Ja garau, kumfa ta tsaya kamar hula. Na kurɓa. Shayina ne, na shekara ashirin, wanda na yi wata uku ina nema. Amma daɗinsa bai faranta mini ba.

Ya miƙo na biyu. Ga launin kududdufi, ga yana-yana a sama, ga ɗacin nan mara ma'ana. Kamar daga zaurena aka ɗauko shi.

"Ganye ɗaya, wuta ɗaya, hannu ɗaya," in ji Baba Agali. "Wanne ne algus?"

Ya ce tulun farko daga gulbin yashi ake ɗebo shi, inda ruwan sama ke kwanciya, a tona rami da hannu a jira ya taru. Da nisa, Fatima kan je da jaka sau biyu a mako, kuma shayi kaɗai ake yi da shi. Na biyu daga rijiyar bayan gida ne, mai zurfi. Ya sa aka ba ni na sha. Sanyi, haske, babu wari, babu ɗanɗanon komai.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Shi muke sha, shi dabbobi ke sha. Amma ya daɗe kwance cikin dutse, ya kwaso garin dutse. Ido ba ya gani, harshe ba ya ji sai an dafa. Shi ke kama ganye ya hana shi sakin abin da ke cikinsa. Ina butarka?"

Na miƙa masa. Ya zura yatsa ciki ya kankara da farce, ya fito da wani farin ɓawo ya ɗora mini a hannu. Irin wanda na gani a motar Isufu.

"Baba, ai kai ka hana ni wanke cikinta," na ce. Don haka ka'idar take, butar shayi ba a dirje ta.

"Na hana ka wankewa. Na hana ka dubawa?"

Fatima ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Wa ke kawo maka ruwa?" in ji Baba Agali.

"Ɗan garuwa."

"Daga ina?"

Shekara ashirin ina dafa shayi, na san sunan kowane ganye, na san gawayin da ya fi riƙe wuta, amma ban taɓa tambayar daga ina ruwan randata yake zuwa ba. A Kano namiji ba ya wannan tambaya. Ya ga randa a cike, shi ke nan. Sai burtsatsen bayan masallaci ya faɗo mini a rai, da watan da aka buɗe shi.

Baba Agali ya gyara rawaninsa. "Ka yi tafiyar kwana uku ka tambayi makaho, ba ka yi taku goma ka tambayi mai kawo ruwa ba." Sannan ya ce, "A gaban mutum nawa ka faɗa wa Ɗanlami wannan magana?"

"Shida, Baba."

"To, ka san adadinsu."

Bai sake tayar da zancen ba. Na ƙara kwana biyu a wurinsu, kuma ban taɓa jin daɗin baƙunta kamar su ba. Na bi Fatima da jakar zuwa gulbin yashi na ga yadda ake tona ramin, na gyara wa Baba sirdinsa da ya yage, muka shanye ganyen Alhaji tas, zagaye uku-uku, safe da yamma. Fatun Agadas ma na gan su a ƙarshe, don kada in yi wa uwargida ƙarya.

Dawowa ba ta da labari, sai dai dogon jandarman nan ya gane ni a iyaka, ya ce, "Mai ƙara! Wa ya ci shari'a?" Na ce ganye. Ya ce dama ya ga alama.

Ina sauka na nemi Malam Tanko, ɗan garuwan da ke zuba mana ruwa. Ya ce ƙwarai, tun da aka buɗe burtsatse ya daina zuwa famfon bakin titi, can da nisa ga layi, wannan kuwa ga kusa ga haske. Duk layinmu shi yake zuba wa. Ya tambaya ko an yi laifi ne, na ce laifi ba nasa ba ne. Na roƙe shi ya riƙa kawo mini jarka ɗaya ta famfo, ta shayi kawai. A ranar na dafa, shayi ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Ban ba kowa ba. Washegari bayan azahar na bi 'yan majalisa gida-gida, su shida, har Malam Sule tela, na ce su raka ni Kurmi. Muka shiga lungun masu kayan shayi a jere kamar masu kai gaisuwar aure. Alhaji Ɗanlami yana zaune a rumfarsa yana ƙulla wa wata mata kanumfari. Na tsaya a gabansa, na ɗaga murya yadda maƙwabtansa za su ji.

"Alhaji, a gaban mutanen nan na ce ganyenka algus ne. A gabansu na zo in ce ƙarya na yi. Ganyenka lafiyarsa ƙalau, ruwana ne ya canza. Ka yafe mini don Allah."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa ya kau da kai. Sai ya zuba mini ido kawai. A lokacin ne na dubi bayansa. Ga citta, ga masoro, ga sukari, amma inda akwatunan ganye suke tun zamanin mahaifinsa babu komai, sai katako.

"Alhaji, ina ganyen?"

"Yana gida, na kulle a ɗaki," ya ce. "Ranar nan da na tashi daga zaurenka, na je na sa aka dafa mini. Na ji abin da ka ji. Masu saye daga wasu unguwanni ba wanda ya yi ƙorafi, amma na ce su ba Habu ba ne. In harshen Habu ya ce da algus, to da algus, ko ban san ta inda ya shigo ba. Ba zan sayar wa mutane abin da ban yarda da shi ba."

"To me ya hana ka zuwa zaure? Wata uku, Alhaji."

"Kunyarka nake ji," ya ce. "Na ɗauka shekara nawa ina ba ka gurɓatacce ban sani ba."

Ni ina can ina yawon ƙasashe ina neman shaidar da zan kayar da shi, shi kuwa yana nan ya yarda da ni fiye da yadda ya yarda da kansa. Na kama hannunsa da hannu biyu a tsakiyar kasuwa, masu wucewa suna kallonmu. Malam Sule, mai bakin nan, shi ma ya juya yana duban rumfar maƙwabta.

Alhaji ne ya gaji ya ce, "To sake ni mana, Habu, in rufe rumfa. La'asar ta kusa."